Baƙon ƙashi a gwiwar hannu: a cire yanzu ko a jira?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena tela ne, shekararsa 26. Wata bakwai da suka wuce ya faɗi a kan babur, gwiwar hannunsa ta dama ta goce. Mun kai shi wurin mai ɗori aka mayar, aka ɗaure har sati huɗu. Da aka kwance, hannun ya ƙi miƙewa sosai, sai aka riƙa tausa ana miƙe shi da ƙarfi kullum, yana ihu. Yanzu hannun ya ƙage a lanƙwashe, ko loma ba ya iya kaiwa baki, ƙaramin yatsansa kuma ya fara mutuwa. Hoto ya nuna wani ƙashi ya tsiro a wurin. Likita ɗaya ya ce a yi aiki a cire, wani ya ce a jira shekara ɗaya da rabi. Wanne za mu bi? In an cire, ba zai sake tsirowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da shi.

Hukuncin ƙarshe na likitan da ya riƙe hannun nan ne, ya juya shi, ya ɗaga hoton ya duba. Amma bisa abin da ka zayyana, ni ban goyi bayan a zauna jiran shekara ɗaya da rabi ba. Wata bakwai sun isa a fara shirin aiki muddin sabon ƙashin ya nuna, wato ya ƙosa ya daina girma. Kuma akwai abin da ya fi ƙashin kansa tayar min da hankali a bayaninka, wato yatsan nan da ka ce ya fara mutuwa. Zan dawo kansa. Kafin nan, daga yau a daina tausar ƙarfin nan, ko wane ne yake yin ta.

A takardar hoton wataƙila ka ga an rubuta haruffa biyu, HO. Ni baƙon ƙashi nake ce wa majinyatana, domin ƙashi ne sosai, da ɓawonsa da ɓargonsa, sai dai ya sauka a gidan da ba nasa ba, cikin tsoka da tantanin da ke kewaye da gaɓa. Idan nama ya yage, jini ya taru, jiki yakan tura ƙwayoyin gyara zuwa wurin. Waɗannan ƙwayoyi ba su da sana'a ɗaya tun farko. Suna iya zama tabo, ko kitse, ko guringuntsi, ko ƙashi, gwargwadon saƙon da suka tarar. A gefen karaya ko gocewa kuwa, saƙon gina ƙashi ne ya cika wurin. Tun a 1965 wani likitan ƙashi Ba'amurke, Marshall Urist, ya nuna cewa in aka ɗauki guntun ƙashin da aka zuƙe wa sinadarin da ke sa shi tauri, aka dasa a tsokar dabba, sabon ƙashi zai tsiro a cikin tsokar. Ke nan ƙashi yana ɗauke da wani sinadari mai umartar nama ya zama ƙashi. Abin da ya faru a hannun ƙanenka ke nan: jini ya taru, ya zama guringuntsi, guringuntsin ya daskare ya zama ƙashi.

Gwiwar hannu tana cikin gaɓoɓin da suka fi saurin kamuwa da wannan. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a ɗan matsattsen wuri: na damtse daga sama, da biyu na sangalin hannu daga ƙasa, ɗaya mai baki kamar ƙugiya wanda tsininsa muke dogarawa a tebur, ɗayan mai zagayayyen kai wanda ke ba mu damar juya tafin hannu. A gaban gaɓar akwai wata tsoka da ke kwance a kanta kamar shimfiɗa, ba komai a tsakaninsu sai siririn tantani. Duk ranar da gwiwa ta goce, tsokar nan takan yage. An fi ganin baƙon ƙashi idan gocewar ta zo da karaya, ko mutum ya bugu a ka har ya daɗe a sume, ko laka ta taɓu, ko an yi babbar ƙuna. Mai ƙuna yana iya samunsa a gwiwa ko da wutar ba ta taɓa gwiwar ba.

Sai batun tausa, wanda nake so ka fahimta ba tare da ka ɗora wa kanka laifi ba. Raunin shi kaɗai yana iya haifar da wannan ƙashi ko da a asibiti aka mayar da gwiwar, na kuma gani ba sau ɗaya ba. Amma abubuwa biyu da aka yi sun ƙara wa wutar itace. Na farko, ɗaurin sati huɗu. Gwiwar da ta goce ba tare da karaya ba, mu sati ɗaya zuwa biyu muke tsare ta, sannan a fara motsawa a hankali. In aka wuce sati uku, ƙagewa ta riga ta samu ƙofa. Na biyu, miƙewa da ƙarfi. Mutanenmu sukan ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, da wannan hujjar ake danne hannun yaro yana kuka ana cewa ya daure. To tsokar da ke warkewa ba ice ba ce. Duk matsar da aka yi har ya yi ihu, wani sabon yagewa ne, sabon jini ya taru, ƙwayoyin nan su samu sabon wurin gini. A 1980 masu bincike a ƙasar Finlan sun gwada a kan zomaye: suka tsare ƙafa, suka riƙa lanƙwasa ta da ƙarfi kullum na ɗan lokaci, cikin makonni kaɗan ƙashi ya tsiro a tsokar cinya. Ina girmama masu ɗori da yawa, akwai waɗanda yanzu ba sa taɓa hannu sai an kawo musu hoto. Amma gwiwar hannu ba ta yafe ƙarfi, daga hannun mai ɗori ya zo ko daga hannun ma'aikacin asibiti.

Kafin a yi maganar wuƙa, akwai abin da nake fara tabbatarwa ga duk wanda ya zo min da irin labarin nan a ƙasarmu: shin gwiwar ta koma mazauninta kuwa? Sau da yawa akan ce an mayar, alhali ƙashin yana nan a goce, baƙon ƙashi kuma ya zo ya lulluɓe shi har ya rufe idon mai duba hoto. Idan haka ne, aikin ya zama wani daban, ya fi girma, dole a buɗe a mayar da gaɓar a kuma gyara jijiyoyin da ke riƙe ta. Ka tambayi likitan wannan kai tsaye. Haka kuma a duba ko akwai karayar da ta haɗe a karkace, ko guntun ƙashi da ya ɓalle ya maƙale a cikin gaɓa. Akwai kuma wata cuta ta gado da ba kasafai ake ganin ta ba, wadda ƙashi ke tsirowa a wurare da yawa tun mutum yana yaro, galibi babban yatsan ƙafarsa gajere ne a karkace tun haihuwa. Mai wannan ba a yi masa aikin cirewa sam, domin yankan ƙara masa ƙashi yake yi. Labarin ƙanenka bai yi kama da ita ba.

Ba kowane baƙon ƙashi ake cirewa ba. Da yawa sukan fito a hoto, amma hannu na aikinsa, sai a ƙyale su. Likitoci biyu, Hastings da Graham, sun kasa shi gida uku a 1994: wanda bai hana motsi ba, wanda ya rage motsi, da wanda ya yi gada daga wannan ƙashi zuwa wancan ya kulle gaɓar gaba ɗaya. Na biyu da na uku ake yi wa aiki, su ma sai in rashin motsin ya hana mutum harkarsa.

Da digiri muke aunawa. Hannu a miƙe sarai sifili ne, in ya yi kusurwa kamar ta gini 90 ne, in aka lanƙwasa har ƙarshe kusan 145. A 1981 Bernard Morrey da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka sun auna mutane suna harkokin yau da kullum, suka ga yawancinsu suna yiwuwa tsakanin digiri 30 da 130, tare da juya tafi digiri 50 sama, 50 ƙasa. Har yau wannan ma'aunin ake bi. Sai dai ni ba na tsayawa a kansa, nakan tambayi mutum abin da yake so ya yi. Mu da hannun dama muke cin tuwo, ba cokali mai doguwar ƙota da zai cike mana tazarar. Muna wanke fuska da shafar kai a alwala sau biyar a yini, muna dafa ƙasa a sujada, muna buɗe tafi sama a addu'a. Kara waya a kunne ma yana neman lanƙwasawa fiye da 130. Tela kuma yana bukatar ya kifa tafinsa ya tura yadi ƙarƙashin allurar keke, ya miƙa hannu ya ja tef, ya riƙe almakashi. Wanda loma ba ta kai bakinsa da hannun dama, babu shakka ya shiga sahun masu bukatar aiki.

Yanzu ga saɓanin likitocin nan biyu. Wanda ya ce a jira bai yi ƙarya ba, tsohuwar ƙa'ida ya faɗa, wadda aka koyar shekaru da yawa: a bar ƙashin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a riƙa gwajin jini da wani hoto na musamman har su nuna ginin ya tsaya, don tsoron kada a yanka yana ɗanye ya dawo fiye da da. Daga baya aka gane cewa waɗannan gwaje-gwajen ba sa faɗin wanda nasa zai dawo. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma rahotanni suka fara fitowa na waɗanda aka cire musu tun bayan 'yan watanni, ba a ga nasu ya fi dawowa ba. Shi ya sa a yau yawancin likitocin gwiwar hannu, in rauni ne ya jawo abin, sukan yi aikin a wajen wata shida, wasu ma kafin nan.

Dalilin da ya sa nake tare da su shi ne jira ba kyauta ba ne. Guringuntsin da ke fuskar gaɓa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓa yake ci, ruwan kuma sai ana motsi yake shigarsa. Gaɓar da ta daɗe a kulle, guringuntsinta yakan lalace. Tantanin da ke kewaye da ita ya yi kauri ya tsuke, tsoka ta rame ta gajarce. Sai ka cire ƙashin bayan shekara biyu ka tarar naman da ke kewaye ya zama wani sabon mari. Ga kuma saurayi mai sana'a a zaune, kwastomominsa sun koma wani shago.

Abin da ake dubawa shi ne ko ƙashin ya nuna. A makonnin farko hoto ba ya nuna komai, sai kumburi da zafi da motsin da ke raguwa kullum. Daga sati uku zuwa shida yakan fara bayyana kamar hayaƙi ko sabuwar auduga, ba a gane iyakarsa. Idan ya nuna, gefensa yakan fito sarai da ɓawo, cikinsa da saƙa irin ta ƙashin gaske. A ɗauki hoto yanzu, a kwatanta da wanda aka ɗauka wata ɗaya ko biyu baya. In bai ƙaru ba, gefen ya fito, kumburi da ɗumin wurin sun kwanta, fata lafiya lau babu gyambo ko ruwa, to lokaci ya yi. Inda har yanzu ake jinkirtawa shi ne wanda ya bugu a ka, sai an ga iyakar farfaɗowarsa, domin in tsokokinsa na ƙanƙamewa da kansu abin ya fi dawowa. Da mai ƙuna, sai fatarsa ta warke.

To, yatsan. A bayan gwiwa ta ɓangaren jiki akwai wata jijiya da ke bi ta wani ɗan kwari a jikin ƙashi, ita ce wadda in ka buge ta za ka ji kamar lantarki ya ja ka har ƙaramin yatsa. Ita ke ba ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ji, ita kuma ke motsa yawancin ƙananan tsokokin da ke cikin tafin hannu, waɗanda ke buɗe yatsu su haɗa su, su ba mutum ƙarfin matse abu tsakanin babban yatsa da manuni. Tela da waɗannan tsokoki yake zura zare a allura. Baƙon ƙashi yana son wannan kwarin ƙwarai, wani lokaci har ya yi wa jijiyar rufi ya haɗiye ta. Mutuwar yatsan nan alama ce ta cewa ana matse ta. Jijiya in an sake ta da wuri takan farfaɗo, in kuwa aka bari har tsokokin tafi suka zube, ba lallai su dawo ba ko da an yi aikin daga baya. Da ƙashin ne kawai, da zan ce ba laifi a ƙara wata ɗaya ko biyu. Da jijiya a ciki, ba na so a ɓata lokaci.

Kafin aiki, ku yi ƙoƙari a yi hoton siti sikan. Na san da tsada, amma kuɗin nan ba asara ba ne. Hoto na yau da kullum inuwa ce kawai ta fuska biyu. Siti yana nuna wa likita inda ƙashin ya fara da inda ya ƙare, ko ya yi rami ya rufe jijiya, da halin da fuskar gaɓar ke ciki. Da shi ake yanke shawarar ta inda za a shiga.

Aikin kansa ana yin sa da allurar barci, ko a kashe hannun gaba ɗaya da allura a gindin wuya, sau da yawa a haɗa biyun. Akan ɗaure damtse da wata na'ura mai iska don jini ya tsaya a ga wuri sosai. Yankan yakan kasance a bayan gwiwa, mai ɗan tsawo, ko a gefe ɗaya, ko gefe biyu. Kada tsawonsa ya tsorata ku. A irin wannan aiki gara a ga komai a fili. Akwai aikin gwiwa da ake yi ta ƙananan huji da kyamara, amma ba shi ya dace da babban ƙashin da ya kusanci jijiya ba.

Abu na farko da likita ke nema ba ƙashin ba ne, jijiyar nan ce. Yakan samo ta daga sama inda take lafiya, ya bi ta sannu a hankali, in ta shige cikin ƙashi ya riƙa gutsure rufin kaɗan-kaɗan har ta fito. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, nan ne kuma ake gane gwani. Sau da yawa akan ɗauke ta daga kwarin a mayar da ita gaban gwiwa. Dalili shi ne, duk lokacin da gwiwa ta lanƙwashe, jijiyar miƙewa take yi a bayanta. Wadda ta yi watanni ba ta wuce digiri 90 ba, in ka kai ta 130 rana ɗaya ba tare da ka sassauta mata ba, bayan 'yan kwanaki za ta fara zugi, majinyaci ya daina motsa hannun, a koma gidan jiya. Shi ya sa da yawanmu muke sakinta ko da ba ta fara ciwo ba.

Daga nan sai a sassaƙe baƙon ƙashin da cizal da wasu ƙananan kayan gutsura, ana bin iyakar da ke tsakaninsa da ƙashin asali. Akwai ramuka biyu a ƙarshen ƙashin damtse, ɗaya a baya inda tsinin gwiwa ke shiga in an miƙe, ɗaya a gaba inda bakin ƙugiyar ke shiga in an lanƙwasa. Dole a yashe su. A cire tantanin da ya yi kauri. Ana yi ana gwada motsi. Ba dole ne a kwashe kowane ɓurɓushi ba, wanda ya tokare hanya ake nema, musamman in sauran yana manne da jijiya ko babbar hanyar jini da ke gaba. Igiyoyi biyu masu riƙe gaɓar ta gefe da gefe kuwa, ana kiyaye su matuƙa, domin in aka yanke su gwiwar za ta samu motsi amma ta riƙa gocewa, wannan kuma ya fi ƙagewa wahala. A ƙarshe a wanke wurin sosai don kada garin ƙashi ya zauna, a toshe fuskar ƙashin da ke tsattsafo da jini da wani kaki wanda mafi yawansa kakin zuma ne, a sa 'yar roba mai zuƙe jini na kwana ɗaya ko biyu. Taruwar jini ita ce mafarin abin tun asali, don haka ba a wasa da wannan matakin.

Ka tambaya ko zai dawo. Yana iya dawowa. A wani nazari na 2013 da ya tattara rahotannin irin wannan aiki, an samu ƙarin motsi na kimanin digiri 70 a matsakaici, ƙashin kuma ya dawo wa kusan mutum ɗaya cikin goma. Digiri 70 a hannun da ya ƙage shi ne bambancin wanda ake ba abinci a baki da mai ci da kansa. Amma kada ku sa rai zai koma daidai da na hagu. Galibi ɗan miƙewar ƙarshe ba ta dawowa. Sauran abubuwan da ka iya faruwa su ne jijiya ta ƙara sagewa na wani lokaci, ƙwayoyin cuta su shiga ciwon, jini ya taru, ko ƙashin asali ya tsage tunda ya yi laushi saboda rashin aiki. Wani abin da ke ba mutane mamaki: wanda gwiwarsa ta kulle gaba ɗaya sau da yawa yana samun sakamako mai kyau, in dai gadar ƙashin a wajen gaɓar take, fuskar gaɓar kuma ba ta lalace ba.

Hanyoyi biyu ake bi don rage dawowarsa. Ɗaya maganin kumburi ne, indometasin, wanda aka fi sani da Indocid, na sati uku zuwa shida. Ɗayar kuma haska wurin sau ɗaya da na'urar gashin ciwon daji, da ƙaramin ƙarfi, cikin kwana uku bayan aiki. Gaskiyar magana, hujjar amfaninsu ta fi ƙarfi a ƙugu fiye da gwiwar hannu. A 2010 an dakatar da wani gwaji a Amurka tun bai kai ƙarshe ba, saboda waɗanda aka haska bayan sabuwar karaya, karayarsu ta fi ƙin haɗewa. A 2023 wani gwaji a Kanada bai ga indometasin ya rage tsirowar ƙashin ba ga waɗanda aka yi wa aikin raunin gwiwa. Waɗannan kan sabon rauni aka yi su, ba kan wanda aka cire wa tsohon ƙashi ba, shi ya sa har yanzu likitoci da yawa suna ba da maganin bayan cirewa. Hasken kuwa, a Arewa na'urorin kaɗan ne, masu ciwon daji na layi a kansu, don haka kada rashinsa ya sa ku fasa aiki. Roƙona kawai, kada kowa ya je kemis ya sayo Indocid ya fara ba shi. Magani ne mai ƙarfi, yana fasa gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, ka san har ɓera ake kashewa da shi a gidajenmu. Likita ne zai duba ko ya dace da shi, ya haɗa masa da mai kare ciki.

Abin da ya fi waɗannan biyun tasiri a ganina shi ne abin da za a yi bayan an fito daga ɗakin tiyata, kuma a nan ne na fi ganin ana yin asara. Likita yana iya samun digiri 130 majinyaci na barci, bayan wata biyu ya dawo da 80, don ya koma ƙauye ya rataye hannun a wuya yana jiran ɗinki ya warke. Motsi washegarin aiki ake fara shi, ko jibi, da ɗinkin da komai. Dole a ba shi maganin kashe zafi isasshe, a ɗaga hannun sama da ƙirji, a sa ƙanƙara a nannaɗe cikin tsumma don kumburi. Sati shida na farko su ne ginshiƙi, amma ana ci gaba da samun ƙari har wata shida, wani har shekara.

Za ka ce, ashe ba motsin ne ya jawo abin ba tun farko? Akwai bambanci babba, kuma ina so duk gidan su gane shi. A tausar da aka yi masa, wani ne ke fizgar hannun ya wuce inda nama zai iya, mai hannun na ƙanƙamewa yana ja da baya. A wanda masu gashin ƙashi za su koya masa, shi ne zai motsa da ƙarfin kansa, ya taimaka da ɗaya hannun, ya kai inda ya ji ja, ya tsaya a nan yana numfashi, ya saki, ya maimaita, sau da yawa a yini. Jin ja da ɗan ciwon da ke lafawa bayan an gama ba laifi. Ciwon da ya sa ihu, ko gwiwa ta kwana a kumbure da zafi, an wuce gona da iri. Akan haɗa da wani abin ɗaure hannu mai sukurun da ake ƙara matsewa kaɗan-kaɗan, a sa na rabin awa sau uku a yini, ko wanda ake kwana da shi a miƙe.

Saboda haka ku tsara abin kafin ku sa rana. Ku tambayi kuɗin aikin haɗe da na gashin ƙashi na aƙalla wata uku, kada kuɗi ya ƙare a bakin ɗakin tiyata. In gidanku da nisa, ku nemi ɗan'uwan da zai sauke shi kusa da asibitin na makonnin farko. Kada ya sa ran ɗinkin sallah in aikin ya faɗo kusa da azumi. Hannun zai iya ƙananan abubuwa da wuri, amma kwana a kan keke sai bayan watanni. In yana shan taba ya ajiye tun yanzu, tana hana ciwo warkewa. Ku kuma nemi wanda ya saba da wannan aikin, domin ba kowane likitan ƙashi ne ke yawan shiga gwiwar hannu ba, ba kuma rashin kunya ba ne ka tambaye shi ko ya saba yi, da yadda zai yi da jijiyar. Asibitin ƙashi na Dala a Kano da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa su ne wuraren da za ku fara nema.

A daren nan ka gwada masa abu biyu. Ka sa takarda tsakanin ƙaramin yatsansa da na kusa da shi, ka ce ya matse, ka ja, sannan ka gwada a hagu ka ji bambanci. Ka kuma dubi bayan hannunsa, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ka kwatanta da ɗayan. In takardar ta zare cikin sauƙi, ko wurin ya fara loɓawa, ko yatsu biyun ƙarshe sun fara tanƙwarewa, kada ku jira ranar da aka rubuta muku, ku koma a satin nan ku faɗa wa likitan haka. Ku tafi da dukan hotunan da aka taɓa ɗauka, tun na farko, a jere bisa kwanan wata.